Jaki Mai Tozo

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, makarantarmu ta zane-zane a nan Yamai ta yi baje kolin ayyukan ɗalibai kamar yadda ta saba. Ba zan kama sunan makarantar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, don ba mutum nake faɗa da shi ba, da wata al'ada nake faɗa.

Aikin da ya zo na ɗaya zanen fensir ne na raƙumi da mahayinsa suna sassarfa, tsawonsa ya kai mita guda. Mai zanen ya ce wata biyu ya yi a kansa, kuma na yarda. Kowane gashi na wuyan raƙumin yana nan, har gashin ido, har ƙudan da ya sauka a leɓensa. Jama'a suka yi cincirindo, wasu na kai yatsa su taɓa, kowa na cewa, "Kai, sai ka ce hoto!" A wurinmu yanzu babu yabon da ya kai wannan.

Washegari ina taya kwashe kujeru, sai na tarar da mai gadinmu, wani dattijo mutumin Abalak da ya tashi cikin raƙuma, tsaye a gaban zanen ya riƙe haɓa. Na ce, "Baba, yaya ka gani?" Ya ce, "Ɗana, gashin dai na raƙumi ne. Amma tafiyar ta jaki ce. Wannan jaki ne aka ɗora wa tozo."

Ga abin da Baba ya gani wanda alƙalai uku ba su gani ba. Jaki ko doki in yana sassarfa, ƙafar gaba ta dama da ƙafar baya ta hagu su ke tashi tare. Raƙumi kuwa ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, dama da dama, hagu da hagu, shi ya sa mahayinsa ke layi gefe zuwa gefe kamar wanda ke cikin kwalekwale. Da na bincika, sai na ji ashe hoton da abokinmu ya kwafo daga intanet ciyawa ta rufe ƙafafun raƙumin, shi kuma ya aro ƙafafu daga hoton wani doki ya liƙa. Ya yi wata biyu yana ƙirga gashi, bai yi minti goma a bakin gadar Kennedy ba, inda raƙuma ke ƙetare kogin Isa da kaya kusan kullum.

A bangon da ke fuskantar wannan zane akwai aikin wata abokiyar karatunmu, wanda bai samu ko ambato ba. Zanen bugu ne: ta sassaƙa mata biyu suna lugude a jikin allon katako, ta shafa tawada ta danna a takarda. Taɓarya da hannuwa kuwa a wani ƙaramin allo ta sassaƙa su daban, ta buga shi sau uku ba tare da ta ƙara tawada ba, kowane bugu tana ɗan gusar da shi sama. Sai taɓaryar ta fito baƙa wuluk a bakin turmi, ta yi toka-toka a tsakiya, ta kusa ɓacewa a sama inda mace ke sakinta ta tafa. Duk wanda ya girma a gidan da ake daka, in ya tsaya gaban takardar nan sai ya ji ƙarar turmi a kunnensa. Ɗaya daga cikin alƙalan ya duba ya ce, "Mace ɗaya da hannu shida? Je ki koyi ƙirga tukuna." Aka yi dariya, ita ma ta yi murmushin dole.

To ni na ce alƙalin ne ya kasa ƙirga. Ya ƙirga hannuwa, ya manta da lokaci. Kuma muddin makarantunmu suka ci gaba da auna zane da ma'aunin "ya yi kama da hoto", to za su ci gaba da yaye ɗaliban da hannunsu ya ƙware, idonsu kuwa bai taɓa buɗewa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, harshen da muke magana da shi ya fi mu gani. Bahaushe bai ce doki yana tafiya kawai ba. Ya ce taƙama, ya ce sassarfa, ya ce sukuwa, ya ce zamiya. Ya raba rangaji da tangaɗi, ya raba sanɗa da ɗingishi, ya san rausayar reshe daban take da kaɗawar ganye. Kowace kalma a nan wani ne ya zauna ya ƙura wa abu ido har ya gane inda ya bambanta da ɗan uwansa. Kakanninmu sun yi wannan kallon sun zuba shi cikin magana. Mu da muke da'awar ido ne sana'armu, ka ce wa ɗalibin shekara ta uku ya zana maka bambancin taƙama da sassarfa, sai ka ga ya zaro salula.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a aji: ai kyamara ba ta ƙarya, ita ce ma ta gyara wa masu zane kuskurensu. Akwai gaskiya a ciki. A watan Yunin 1878, a gonar dawakin attajiri Leland Stanford da ke Palo Alto a Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamara 12 a gefen filin sukuwa, kowacce na ɗauka daidai lokacin da doki ya gifta gabanta. Hotunan suka nuna doki mai sukuwa yakan rabu da ƙasa gaba ɗaya ne sa'ad da ƙafafunsa huɗu suka taru a ƙarƙashin cikinsa. Kafin nan masu zanen Turai miƙe masa ƙafafu suke yi, biyu gaba biyu baya, kamar yadda Géricault na Faransa ya yi a zanen tseren dawakin Epsom na 1821. Kyamara ta kunyata su, ba musu.

Amma ku lura da adadin: 12. Muybridge ya san ɗaya ba ta isa ba. Ware hoto ɗaya daga cikin jerin ka dube shi shi kaɗai, za ka ga doki kamar an rataye shi da igiya, ba ya zuwa ko'ina. Gudun yana tsakanin wannan hoto da wancan, wurin da kyamara ba ta ɗauka. Wannan ce hujjar da gwanin mutum-mutumin nan Rodin ya kafa daga baya da yake kare Géricault: ido bai taɓa ganin lokaci a tsaye ba, don haka mai zanen da ya haɗa farkon motsi da ƙarshensa a siffa guda ya fi kusa da abin da mutum ke gani. Abokiyarmu ba ta karanta Rodin ba sa'ad da take sassaƙa taɓaryarta. Uwarta ta kalla.

Kada a ce na tsani salula. Ni ma nakan ɗauki bidiyon ƴan kokowa in rage masa gudu don in ga ƙafar da nauyi ke kai kafin kaye. Amma sai na je fili na sha ƙura tukuna. Hoto mai tuna maka abin da ka gani ne. In ba ka gani ba, babu abin da zai tuna maka, sai dai ka kwafi kallon wani.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi. Zanen fuskar amarya ko ta alhaji daga hoto yana kawo jikka goma, jikka ashirin, wani lokaci fiye. Babu wanda zai ba ka dala don ka zana iska a gonar gero. Ni kaina da irin wannan aiki nake sayen fenti, ba zan yi munafunci ba. Sai dai sana'ar ciyar da kai daban, abin da makaranta za ta ɗora wa rawani daban. Kuma wannan kasuwa da muke taƙama da ita ƙasa tana zaizayewa a ƙarƙashinta: yau manhajar salula tana mayar da hoto kamar zanen fensir kafin ka ƙifta ido, kyauta. Wanda duk gwanintarsa ita ce ya yi abin da na'ura ke yi, amma cikin wata biyu, ina makomarsa? Makarantar da ta ba shi lambar yabo a kan haka ba ta yi masa gata ba.

Akwai kuma ƴan uwa da suke ƙauracewa zana masu rai saboda addini. Ba ni da ja da su, ba kuma ni ne malamin da zai yanke wannan hukunci ba. Abin da zan ce kawai, maganata ta fi shafarsu. Ruwan kogi in ya bugi ƙafar gada, guguwa in ta naɗe kara da leda ta yi sama, hadari in ya taso daga gabas, rairayi in iska ta yi masa tsagar gado, babu mai rai a ciki, kuma duk motsi ne. Zanen bugun da ya fi kowane shahara a duniya ma, igiyar ruwan da Hokusai na Japan ya yi wajen 1831 yana da shekara kusan 70, jarumin cikinsa ruwa ne. Masuntan da ke cikin jiragen sai ka duba sosai za ka gan su. Babu kyamarar da ta tsayar masa da teku. Ya yi shekaru yana zana ruwa kafin ya kai ga wannan.

Wasu kuma cewa suke yi masu zancen motsi ragwaye ne, sun kasa fitar da kama shi ya sa suke ɓuya a bayan zane-zanen da ba a gane kansu. To a ba su wuƙa da allo su gwada. A zanen bugu, duk inda ka yanke fari zai fito, kuma babu abin gogewa: wuƙa in ta wuce ta wuce. Hoton yana fitowa a juye, damarka ta koma hagu. Ba za ka iya bin gashi ɗaya-ɗaya ba, katako ba zai yarda ba. Dole ka zaɓi layi uku ko huɗu da ke ɗauke da nauyin jiki, ka zubar da sauran, kuma ba ka sanin waɗanne ne sai ka kalli abin sau ɗari. Haka fentin ruwa yake a lokacin hunturu, kafin ka gama shawara ya bushe a takarda. Kwafar hoto haƙuri take so. Wannan kuwa haƙuri da sani da yanke shawara yake so, duk a lokaci guda.

Ba ma sai mun je Japan neman misali ba. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da wasu mutane suka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5. An ɗauki zubinsu a 1999, aka kafa kwafi ɗaya a filin jirgin saman Agadas. Ba gudu suke yi ba, amma dubi yadda wuya ya tashi daga kafaɗa, dubi yadda dabbare-dabbaren fata ke bin lanƙwasar jiki. Wanda ya yi wannan ba shi da hoto, raƙumin dawa kuma ba ya tsayawa a auna shi. Ya kalla ne har dabbar ta zauna masa a ka, sa'an nan ya hau dutse.

Abin da nake nema daga mushenmu ba shi da tsada. A shekarar farko a hana kwafar hoto gaba ɗaya. A fitar da mu sau biyu a mako zuwa kasuwar dabbobi, ko bakin kogi wurin masu wanki, ko gidan tarihi na Boubou Hama inda dabbobi suke, da gawayi da takardar buhun siminti, a ce kowane zane rabin minti, a yi hamsin kafin azahar. Arba'in da biyar za su lalace, haka ake so. Kada a ce babu injin bugu: bayan cokali yana danna takarda a kan allo tsaf, masu buga adinkra a Ntonso ta Gana kuwa da hatimin ƙwarya suke aikinsu. Ranar baje koli kuma, in za a yi alƙalancin zanen raƙumi, a sa wanda ya taɓa hawan raƙumi cikin alƙalai. Yana nan bakin ƙofa, albashinsa ma ana biya.

Makon jiya na leƙa ɗakin aiki na tarar da abokiyarmu mai taɓarya. Wuƙaƙenta suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur, bakinsu ya fara tsatsa. Ta jingine salula a jikin kwalba, ta ja layukan murabba'i a farar takarda, tana kwafar fuskar wata amarya gida-gida. Na tambaye ta ina allunan. Ba ta ɗago kai ba, ta ce bana tana son ta ci.