Sharhi: Hasbiya, Kare Da Bindiga: Abin Da Gonakin Ingila Ke Koya Wa Masu Yaƙi Da Jan-baki

Duk wanda ya san sha'anin noma ya san cewa amfanin gona ba ya zama na manomi sai ya shiga rumbu. Tsakanin shuka da girbi akwai masu rabo da yawa waɗanda ba su yi huɗa ba, ba su kuma riƙe fartanya ba, kuma a cikinsu babu mai wuyar sha'ani kamar tsuntsu, domin shinge ba ya tare shi, iyakar gona kuma ba ta dame shi ba. A ƙasar Ingila, babban mai wannan ɓarna shi ne wata irin hasbiya, ƙatuwa, wadda nauyinta ke kai wa rabin kilo. Ƙiyasin masana na shekarar 2016 ya nuna cewa hasbiyoyin da ke sheƙa a Birtaniya sun haura miji da mata miliyan 5. Yadda manoman can suka yi fama da ita, da irin kuɗin da gwamnatinsu ta kashe kafin ta gane bakin zaren, abu ne da ya kamata 'yan kasuwa da masu tsara kasafin kuɗin noma a Nijeriya su yi wa kallon tsanaki.

Ita wannan hasbiya ba ta da lokacin hutu. Da bazarar Turai takan bi gonakin da aka shuka waken fis tana tsince iri, da rani takan sauka a kan alkama da sha'ir, musamman inda iska ko ruwa ya kwantar da su, da hunturu kuma takan koma kan ganyen wata shuka dangin kabeji da ake kira rep, wadda ake tatsar man girki daga ƙwayarta. Garke guda yana iya aske gefen gona cikin 'yan kwanaki. Manoma sun gwada mutum-mutumi, da tutoci, da na'urar da ke yin ƙara kamar harbin bindiga, amma hasbiya takan saba da su duka cikin ɗan lokaci, ta ci gaba da kiwonta a gefensu.

Daga nan ne sana'ar harbin hasbiya a kan gona ta samo asali. Maharbi ba ya fita da bindiga a ranar farko. Sai ya fara da leƙen asiri, ya gano hanyar da tsuntsayen ke bi daga makwancinsu zuwa gonar da suke ci, da lokacin da suke zuwa, da inda iska ke kaɗawa. Bayan haka sai ya kafa 'yar maɓoya ta raga da ganye a jikin shinge, ya jera hasbiyoyin roba a fili kamar suna kiwo, ya zauna yana jira da bindigarsa mai baki biyu. Wani tsohon soja, Manjo Archie Coats, wanda ya mai da wannan aiki hanyar cin abincinsa, shi ne ya tsara dabarun a littafin da ya wallafa a 1963, kuma har yau a kansu ake tafiya.

A gefen maharbin akwai kare, galibi irin Labrador ko kuma spaniel, kuma a lissafin kasuwanci wannan kare yana da matsayi babba. Aikinsa ya bambanta da na karnukan mafarautanmu masu bin zomo da gudu. Ana horar da shi ya zauna shiru na sa'o'i, kada ƙarar bindiga ta motsa shi, kada ya tashi sai an ba shi izini, sa'annan ya ɗauko tsuntsu a bakinsa ba tare da ya tauna shi ba. Hasbiyar da ta faɗa cikin alkamar da ta yi tsayi, in babu kare, ko dai ta ruɓe a wurin har injin girbi ya haɗa da ita, ko kuwa maharbi ya shiga nemanta ya tattake amfanin da ya zo karewa. Wadda aka ji wa rauni ta faɗa nesa kuma, hancin kare ne ke gano ta a ƙarasa ta. Horon yana cin lokaci da kuɗi, har ma masu abin sukan jinkirta fita da ɗan kwikwiyo harbin hasbiya, saboda gashinta na saurin tsigewa ya cika wa kare baki, ya sa shi ƙyamar ɗauko tsuntsu. A taƙaice, bindiga ce ke kashewa, amma kare ne ke mai da gawar ta zama haja.

Hajar kuwa tana da kasuwa. Dillalan naman daji suna saye, su gyara, su kai gidajen abinci a biranen Birtaniya ko su fitar zuwa ƙasashen Turai irin su Faransa. Sai dai abin da dillali ke biya a kan kowace hasbiya bai kai fam ɗaya ba, wato da ƙyar yake mai da kuɗin harsashi. Ribar gaske tana hannun 'yan jagora, waɗanda ke da izinin shiga gonaki masu yawa, su yi leƙen asirin, su kawo baƙi daga birni ko daga ƙetare, baƙin su biya kuɗin yini. Ta haka manomi ya sami mai gadi kyauta, ɗan jagora ya sami abin masarufi, masu sayar da harsashi da raga da masu horar da karnuka su ma suka sami nasu. Baitulmalin gwamnati ba ya fitar da ko kwabo.

To, amma ba haka abin yake tun farko ba, kuma nan ne darasin yake. Daga shekarun 1950, Ma'aikatar Aikin Gona ta Birtaniya ta riƙa biyan rabin kuɗin harsashin da ake harbin hasbiya da shi, bisa tunanin cewa in aka kashe da yawa yawansu zai ragu. Sai wani masanin ma'aikatar, Dokta R. K. Murton, ya shafe shekaru yana ƙidayar hasbiyoyi a yankin Carlton, kusa da Kambirij. Abin da ya gano ya ba hukuma kunya. A wancan zamani abincin hunturu ne ke ƙayyade yawan tsuntsayen: duk shekara yunwa na kashe rarar da ƙasa ba za ta iya ciyarwa ba, saboda haka waɗanda ake harbewa galibi masu mutuwa ne ko da ba a harbe su ba, kuma mutuwarsu ta ƙara wa sauran abinci. A 1965 gwamnati ta janye tallafin. Da noman rep ya bunƙasa a shekarun 1970, bayan shigar Birtaniya Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, hasbiya ta sami abincin hunturu a wadace, yawanta ya yi ta hauhawa duk da ƙarar bindigogi.

Me ya sa ke nan manoma ba su kori maharba ba? Dalili shi ne amfanin harbin yana ga gonar da aka yi shi, a makonnin da shuka ke da rauni. Garken da aka harba a wuri guda yakan ƙaurace masa ya koma wani, kuma in aka ci gaba da haka har shuka ta yi ƙarfi ko aka girbe, to buƙata ta biya, ko da yawan hasbiya a ƙasar bai ragu da ko ɗaya ba. Wato ma'aunin nasara ya tashi daga yawan tsuntsun da aka kashe ya koma yawan buhunan da aka ceto.

Doka ma a kan wannan ma'auni ta tsaya. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe tsuntsayen daji, sai dai a ƙarƙashin lasisi, kuma lasisin bai-ɗaya da maharba ke aiki da shi ya halatta harbin hasbiya ne domin hana mummunar ɓarna ga amfanin gona, ba domin nishaɗi ba. A ranar 25 ga Afrilu, 2019, hukumar Natural England ta soke irin waɗannan lasisi guda 3 bayan ƙarar da ƙungiyar Wild Justice ta shigar. Sokewar ta zo daidai lokacin shuka, manoma suka yi ta kuka, har ma'aikatar da ke kula da muhalli da noma ta karɓi ragamar ta fitar da sababbi a watan Yuni. Waɗannan 'yan makonni sun nuna wa kowa cewa aikin da ake ɗauka wasan masu hali ne yana da daraja ta kuɗi ga manomi, sun kuma nuna cewa kasuwar da ba ta da doka tsayayya tana iya rushewa a dare ɗaya.

A arewacin Nijeriya, tsuntsun da ke hana manomi barci shi ne jan-baki. Ɗan ƙarami ne, nauyinsa wajen giram 20, amma masana na ɗaukarsa a matsayin tsuntsun dajin da ya fi kowane yawa a duniya. Kowane ɗaya yana cin kusan giram 10 na ƙwaya a yini, wato garke mai miliyan 2 na iya lashe tan 20 tsakanin safe da yamma. Manoman shinkafa da alkama da gero da dawa a Barno, Yobe, Jigawa, Kebbi da Sakkwato sun san wannan masifa, musamman a fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacalla ta cushe hanyoyin ruwa ta zama makwancin tsuntsayen. Maganin da hukuma ta saba da shi shi ne hayar jirgin sama ya yi feshin guba, galibi mai suna fenthion, a kan makwanci. Talaka kuwa sai ya tura 'ya'yansa gona tun asuba da gwangwani da majajjawa, makaranta ta jira.

Babu mai hankalin da zai ce a ɗauko bindigar Ingila a kawo nan. Harsashi guda ya fi jan-baki tsada nesa ba kusa ba, kare ba shi da abin ɗaukowa, kuma halin tsaron da karkara ke ciki bai bar wurin ƙara yawan bindigogi ba. Abin ɗauka shi ne lissafin. Abin mamaki ma, a nan Nijeriya an taɓa yin irinsa. Wani masani ɗan Birtaniya, Peter Ward, ya yi nazarin jan-baki a yankin Tafkin Cadi, ya wallafa sakamakonsa a 1965, shekarar da Ingila ta janye tallafin harsashi. Ya nuna cewa asalin abincin jan-baki ƙwayar ciyawar daji ce, cewa ƙarancinta a farkon damina, lokacin da ta tsiro, shi ne ke tilasta musu ƙaura, daga baya kuma ya yi bayanin cewa yunƙurin rage yawansu a nahiyar baki ɗaya zuba ruwa ne a rariya. Shawararsa ita ce a taɓa garken da ke barazana ga gonaki kawai, a lokacin da hatsi ke nuna.

Saboda haka abu na farko da ya kamata majalisun dokoki da masu binciken kuɗi su nema daga ma'aikatun gona shi ne canjin ma'auni. Rahoton da ke cewa jirgi ya yi sa'o'i kaza a sama, an fesa lita kaza, an kashe tsuntsu miliyan kaza, bai gaya wa mai biyan haraji komai ba. Tambayar ita ce: kadada nawa aka kare, tan nawa aka ceto, kuma nawa aka kashe a kan kowane tan? In kuɗin feshin ya zarce darajar hatsin da aka ceto, to asara aka tafka ko da gawar tsuntsu ta rufe ƙasa.

Na biyu, a sa kuɗi a leƙen asiri, kamar yadda maharbin Ingila ke yi kafin ya ɗauki bindiga. Masunta da makiyaya da manoman fadama sun san inda jan-baki ke kwana. Ɗan alawus da wayar hannu sun isa a sami labari da wuri, maimakon jirgi ya iso bayan tsuntsu ya ci ya tashi.

Na uku, a buɗe wa 'yan kasuwa hanya. Jan-baki nama ne, kuma ana cin sa. A Cadi, 'yan ƙabilar Hajarai sun daɗe suna kama shi da raga cikin dare a makwancinsa, su fige, su soya, su busar, su kai kasuwar Njamena, kuma binciken da aka wallafa a shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa tsuntsayen da suke sayarwa na kai wa miliyoyi a shekara. Rancen sayen raga, da wurin gyara mai tsabta, da hanyar kai wa kasuwa, abubuwa ne da bankunan tallafa wa noma da ƙungiyoyin gama-kai za su iya ɗauka. Amma wannan ba zai yiwu ba sai da doka bayyananniya wadda za ta raba wurin feshi da wurin kamu, domin tsuntsun da guba ta kashe haɗari ne ga mai ci, kuma jita-jita guda ta isa ta kashe kasuwar baki ɗaya. Gubar ma ba ta tsayawa kan jan-baki, tana hallaka shaho da sauran tsuntsayen da ke cin gawar.

Masu ra'ayin feshi za su ce raga ba za ta iya da garken da ya rufe rana ba, kuma suna da gaskiya. Idan babban garke ya sauka kusa da aikin ban-ruwa ana gab da girbi, jirgi na da ranarsa. Haka kuma kamun raga ba zai ƙarar da jan-baki ba, kamar yadda bindiga ba ta ƙarar da hasbiya ba. Bambancin shi ne mai raga yana tashin makwancin da ke kusa da gona, yana kuma komawa gida da kuɗi, alhali jirgi na cin kuɗin gwamnati, da kuɗin ƙetare a kan guba, kowace shekara. In aka haɗa kamu da shuka a lokaci guda a kowane yanki, da iri mai saurin nuna, da share kacalla daga hanyoyin ruwa, sai feshi ya zama makamin ƙarshe maimakon na farko.

Ingila ta yi fiye da shekara goma tana biyan kuɗin harsashi kafin ta saurari masaninta. Nijeriya kuwa ta sami nata bayanin tun 1965, daga binciken da aka yi a kan ƙasarta. Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da ya rage shi ne kasafin kuɗin yaƙi da tsuntsaye na shekara mai zuwa, a tarayya da jihohi, ya zo da adadin buhunan da ake sa ran cetowa a gaban kowace naira da aka nema.