Fentin da ke komawa gari a bangon makarantunmu

Duk wanda ya taɓa jingina da bangon aji a Ringim, ya tashi ya ga bayan rigarsa ya yi fari fat, ya san abin da nake nufi. Ginin da aka yi wa fenti shekara biyu da suka wuce, yau in ka shafa shi da tafin hannu sai ka ɗebo gari kamar alli. Mun saba ɗora laifin a kan zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Rana tana da hannu, amma a ganina mafi yawan ɓarnar tana cikin bokitin tun kafin a buɗe shi.

Farin da ke cikin fentin zamani hoda ce mai suna titaniyom dayoksaid. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, sai an jera kusan 4,000 kafin su kai milimita ɗaya, kuma babu farar hodar da ta kai ta rufe bango. Sai dai tana da mugun hali. Idan ɓangaren hasken rana mai ƙuna ya sauka a kanta, sai ta haifar da sinadarai masu cin abin da ke kusa da ita, na farko kuwa shi ne ƙaron da ke riƙe fentin. Ƙaro ya lalace, hoda ta saki, shi ne garin da ke bin riga. Wannan ƙarfin ne Fujishima da Honda na Japan suka nuna a 1972 yana iya raba ruwa gida biyu. Masu fenti kuwa sun daɗe da sanin ɓarnarsa.

Saboda haka masana'antu ba sa sayar da hodar fentin waje tsirara. Sukan zaɓi nau'in rutayil, wanda bai kai ɗan'uwansa anatas zafin hali ba, su zuba shi a ruwa, su lulluɓe kowace ƙwaya da siririyar riga ta silika da alumina. Silika ta shiga tsakanin ƙwayar da ƙaro, alumina ta hana ƙwayoyin dunƙulewa. Maginanmu na dā da suke shafe bango da makuba daga ɓawon ɗorawa ba za su yi mamakin wannan dabara ba.

Rigar nan tana da tsada, nan kuma ake yanke. Fenti mai araha yakan rage hodar kirki, ya cike gurbin da alli, ya rage ƙaro, sannan mai shafawa ya ƙara ruwa don bokiti ɗaya ya yi aikin biyu. Ranar buɗe gini babu idon da zai bambance shi da nagari.

Abin da ya fi damuna shi ne fentin mai na ƙofofi da tagogi. An daɗe ana samar da launin rawaya da ja daga sinadarin dalma, kuma in fentin ya ɓarɓashe, ƙurar tana ƙarewa a hannun yaro, daga nan bakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan. A Zamfara a 2010 dalma ta kashe yara aƙalla 400. Daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Takardar kwangilar da ta tsaya ga launi da yawan shafawa ba ta kare kowa. Hukumar bin ƙa'idar kwangila da ke Dutse tana iya wajabta a rubuta nau'in fenti, da shaidar SON, da gwajin dalma ga duk fentin makaranta da asibiti. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har ginin ya ga bazara biyu, a tura injiniya ya shafa bangon da baƙin ƙyalle kafin a sa hannu.