Ƙwayar tazarar haihuwa a gaban kotu: idan mace ta cutu a Gaweye, wa zai biya ta?

A asibitin Gaweye da ke Haro Banda, a da'ira ta 5 ta birnin Yamai, mace na iya karɓar ƙwaya ko allurar tazarar haihuwa ba tare da ta biya ko dala ba, kamar sauran cibiyoyin lafiya na gwamnati, tun da Nijar ta mayar da wannan hidima kyauta a 2006. Sai dai a Faransa da Amurka, wasu daga cikin irin waɗannan magunguna sun shafe fiye da shekara goma suna yawo a gaban alƙalai. Abin da ya kamata mai zuwa awo ta sani shi ne: me aka tuhumi kamfanonin da shi, kuma idan abin ya faɗa mata, ina za ta kai kuka?

Shari'ar da ta girgiza Faransa

A 2006 wata ɗaliba ƴar Faransa, Marion Larat, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki ƴan watanni bayan ta soma shan ƙwayar Méliane ta kamfanin Bayer. Daga baya aka gano tana da larurar daskarewar jini ta gado wadda ba a bincika ba kafin a rubuta mata maganin. A watan Disamba na 2012 ta shigar da ƙara kan kamfanin da kuma shugaban hukumar magunguna ta ƙasar, ANSM. Mata sama da ɗari suka bi sawunta.

Ƙarar ta yi tasiri tun kafin alƙali ya buɗe baki. A ƙarshen watan Maris na 2013, ministar lafiya Marisol Touraine ta sa asusun inshorar lafiya ya daina biyan kuɗin ƙwayoyin da ake kira zubi na uku. Hukumar ANSM ta ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2011 ƙwayoyin na haddasa mutuwar mata kimanin 20 a shekara a Faransa, 14 daga ciki saboda zubi na uku da na huɗu.

Amma a kotu tafiyar ta yi tsawo. A 2017 ofishin mai gabatar da ƙara na Paris ya rufe binciken, yana mai cewa ba a tabbatar da laifin da doka ke hukuntawa ba. Sai a 2018 kotun Bordeaux ta yanke cewa abin da ya sami Marion haɗarin magani ne da ba laifin kowa ba, ta umurci asusun gwamnati na ONIAM ya biya ta diyya. Shekara 12 ke nan bayan ta kwanta ciwo, kuma ba kamfanin ne ya biya ba.

A Amurka hanyar daban ce. Bayer ya biya kimanin dalar Amurka biliyan 2 ga mata kusan 10,000 da suka ce ƙwayoyin Yaz da Yasmin sun jawo musu gudan jini, ta hanyar sasantawa, ba tare da ya amsa laifi ba.

Ba duka ƙwaya ce ɗaya ba

Babu wata daga cikin waɗannan shari'o'i da ta ce ƙwayar guba ce. Gardamar ita ce ko an gargaɗi matan yadda ya kamata. Bitar da hukumar magunguna ta Turai ta yi a 2013 ta nuna cewa cikin mata 10,000 da ba sa shan komai, kimanin 2 ne jini ke daskare musu a jijiya a shekara. Masu shan ƙwaya mai sinadarin levonorgestrel, 5 zuwa 7. Masu shan sababbin zubi kuwa, 9 zuwa 12. Juna biyu da jego sun fi dukkansu wannan haɗari.

Microgynon, wadda aka fi sani a cibiyoyin lafiya na Nijar, tana cikin rukunin levonorgestrel, wato mai ƙaramin haɗari. Microlut da ake bai wa masu shayarwa ba ta ɗauke da estrogen, sinadarin da ke janyo daskarewar. Saboda haka mafi yawan abin da aka yi shari'a a kansa a Turai ba shi ne ake rabawa a Gaweye ba.

Inda lamarin ya fi taɓa Nijar shi ne allura. A watan Maris na 2024 masu bincike na Faransa suka wallafa a mujallar BMJ cewa matan da suka yi shekara ɗaya ko fiye suna allura irin Depo-Provera sun ninka sauran mata fiye da sau biyar wajen samun wani ƙari a fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa. Ƙarin ba kasafai ake samunsa ba, kuma galibi ba kansa ba ne. A watan Fabrairu na 2025 aka haɗa ƙararrakin da matan Amurka suka shigar kan Pfizer a gaban wata kotun tarayya a jihar Florida, kamfanin kuma yana musanta laifi. Sayana Press da ta shigo Nijar a 2014 sinadari ɗaya ne da Depo-Provera, sai dai awonsa ya fi ƙanƙanta.

Hujja, ba kuka ba

A ƙarƙashin ayar doka ta 1382 ta kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, mai neman diyya sai ta nuna abu uku: an yi kuskure, ta cutu, kuma kuskuren ne ya cutar da ita. Na ukun shi ne ƙashin wuya. Marion tana da takardar likita, sunan magani, hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jini. Matar da ta sayi ƙwaya a tiren mai talla a bakin kasuwa, ba kwali ba rasit, ba ta da wanda za ta nuna da yatsa. Wannan kasuwa ba abin rainawa ba ce: a 2015 hukumar lafiya ta duniya OMS ta yi shelar gano jabun alluran rigakafin sanƙarau a Nijar.

Akwai hukumar ANAJJ da ke taimakon marasa hali a kotu, amma babu asusu irin ONIAM da zai biya wadda ta cutu ba tare da laifin kowa ba. Makwabta ma sun ɗanɗana tsawon wannan hanya: gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano an yi shi a 1996, sai a 2009 Pfizer ya sasanta da gwamnatin jihar kan dalar Amurka miliyan 75.

Tsoro ma yana da illa

A Ingila, gargaɗin da aka yi kan ƙwaya a 1995 ya sa mata da yawa suka jefar da ita dare ɗaya, aka samu ƙaruwar cikin da ba a shirya ba. A Faransa kuwa, a 2013, mata sun koma wasu hanyoyi da shawarar likita, kuma kwantar da mata a asibiti saboda gudan jini a huhu ya ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari. A ƙasar da mace ke haihuwar yara 6.2 a matsakaici, bisa binciken 2021, gudun ƙwaya ba tare da madadi ba gudun gara ne a faɗa wa zago.

Kariyar gaske tana kan teburin ungozomar asibiti. Kafin a miƙa ƙwaya mai estrogen, ƙa'idar OMS ta nemi a auna hawan jini, a tambayi mace ko tana da ciwon ɓarin kai mai zuwa da gilmawar haske a ido, ko jini ya taɓa daskare mata, ko ba ta daɗe da haihuwa ba, ko ta kai shekara 35 tana shan taba. Kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko karkacewar baki, duk alamu ne na a garzaya asibiti nan take.

Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta bai wa mace haƙƙin samun bayani. Wannan haƙƙi ba zai yi mata amfani a gaban alƙali ba sai an rubuta sunan maganin, lambar kwalinsa da awon jininta a katinta, kuma an kai rahoton duk illar da aka gani ga hukuma. Aikin minti biyar ne, amma shi ne bambanci tsakanin wadda ke da shari'a da wadda za a ce wa ta yi haƙuri.