GIDA DA LAMBU: Koriyar shimfiɗa a gindin mangwaro

Yau za mu tsaya a gindin itacen tsakar gida, inda inuwa ta hana komai tsirowa.

Gidajenmu na Totsi bisa jar ƙasa suke, arewa da tafkin Lome. Ruwan watan Yuni yakan kwashe ta, ya bar saiwar mangwaro a fili da taɓo a bakin ɗaki. Hunturun Disamba zuwa Fabrairu kuma ya mai da ita ƙurar da ke shiga tukunya da ƙirjin yara. Da yawanmu siminti muke malalawa, alhali siminti hana ruwa nutsewa yake yi, ya kora shi ƙofar maƙwabci. Akwai hanya mai araha: duwatsu, da tsiro mai rarrafe wanda ganyensa ke ajiye ruwa.

Sai dai a kula da iri. Wanda ake shukawa tsakanin duwatsu a inuwa a ƙasashen Turawa, wato Sedum ternatum, ɗan dazuzzukan gabashin Amurka ne, zafinmu bai karɓe shi ba. Halshen saniya, wanda ake ce wa pourpier da Faransanci, ɗan rana ne. A inuwa sai ya zanƙale ya rame. Wanda ya dace da mu shi ne Callisia repens, tsiron yankunan zafi na nahiyar Amurka. Ganyensa kamar farcen yatsa yake, tsayinsa bai cika wuce santimita 10 ba, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa.

Ga yadda ake yi. A cakuɗa ƙasar da yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, a tayar da wurin kaɗan don kada ruwa ya kwanta. A binne kowane dutse rabi, a danne gefensa sosai, domin kogon da aka bari masaukin kunama ne, ga kuwa yara suna wasa. Sannan a tsinko rassa masu tsawon yatsa, a kwantar da su tsakanin duwatsun, tazarar taƙi guda. Farkon damina, wato Afrilu, ko ƙaramar damina ta Satumba, su ne lokutan da suka fi.

Abin da ke kashe shi yawan ruwa ne, ba ƙishi ba. Kada a ba shi sai yatsa ya ji ƙasa ta bushe, kada kuma a watsa masa ruwan wanki. Ba ya jure takawa, saboda haka a bar hanya. In ya haura iyaka a datse, a ba maƙwabta abin da aka datse su dasa.

Sannu ba ta hana zuwa: mu fara da gindin itace guda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.