Jinyar jeka-ka-dawo: a ina mai jinyar za ta kwana?

A 1981 masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, Donald Dutton da Susan Painter, suka bayyana abin da ke sa mace ta ƙara manne wa mijin da ke dukanta. Sharuɗɗa biyu suka nuna: ɗaya ya fi ɗaya iko nesa ba kusa ba, sannan cutarwar ba ta kullum ba ce. Yau mari, gobe hawaye da ban haƙuri da kyauta. Wannan sassauci mai zuwa ba zato shi ne igiyar, domin zuciya takan koyi jiran sa kamar yadda ɗan caca ke jiran sa'a. Mu kira abin shaƙuwa da macuci.

A Amurka, cibiyoyi da dama na tallar maganinta ta hanyar jinyar jeka-ka-dawo mai zurfi. Ba a kwantar da mutum. Yakan zo kamar kwana uku a mako, awa uku a kowane zuwa, akasari cikin rukuni, ya koma gida. Amfaninta a fili yake: mace ba ta rasa aikinta, ba ta barin 'ya'yanta, kuɗin bai kai na kwanciya ba, kuma tana jin labarinta daga bakin wasu mata, abin da ke karya kaɗaicin da macuci ya gina.

Damuwata ita ce lissafi. Mako awa 168 ne. Idan tara na cibiya ne, sauran 159 na wa ne? In har gidan da take komawa nan macucin yake, duk abin da aka warware da safe za a sake ƙulla shi da dare, sau da yawa da tattausan lafazi. Mun san wannan a gida: mace ta yi yaji, a zo biko, dangi su ce ta yi haƙuri, ta koma.

Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman, a littafinta na 1992, ta sa tsira daga haɗari a matakin farko na warkewa, kafin a taɓa tsohon ciwo. Don haka ina ganin cibiyar da ta karɓi mace ba tare da ta tambayi inda take kwana ba, da wanda ke riƙe da wayarta da kuɗinta, da inda za ta nufa idan dare ya ɓaci, ta fara daga mataki na biyu ne. Lokacin rabuwa kuwa na cikin lokutan da haɗarin kisa ya fi yawa.