Kuɗin Makaranta Ba Ya Sayen Halin Kimiyya

Ya ku 'yan'uwa mazauna Sabo ta Badun, da Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zaurukanmu, wai yaron makarantar kuɗi ya fi na makarantar gwamnati kan kimiyya. Mun ji, amma ba mu yarda ba.

Shin mene ne halin kimiyya? Ba haddace sunayen ƙasusuwa ba ne. Shi ne yaro ya yi tambaya, ya auna da hannunsa, ya rubuta abin da idonsa ya gani ko da ya saɓa wa littafi, in kuwa aka nuna masa kuskurensa ya karɓa. To, sai a auna kowa da wannan mudu.

Akwai makarantun kuɗi na ƙwarai, amma sun fi ƙarfin mai sayar da goro ko ɗan kamasho a kara. Waɗanda muke iya biya su ne na gidan haya, inda ɗakin gwaji bai wuce kabad ɗaya ba. Mai makaranta ɗan kasuwa ne, hajarsa kuwa sakamakon WAEC. Na taɓa duba littattafan gwaji na ɗan maƙwabcina da abokansa, na tarar ko ɗigo bai bambanta ba. Malam ya rubuta amsa a allo, sun kwafe. Assha! An koya wa yaro ƙarya da sunan kimiyya, ubansa kuma ya biya.

Ba mu wanke gwamnati ba. An buɗe ƙofa da shirin UPE a 1976, aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, aka sayo injunan koyarwa daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatuna don babu wuta, babu malami. Amma a tuna makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Jihar Kano ta kafa a 1977. Na gwamnati ne, 'ya'yan talakawa suka cika su, aka ba su malamai da kayan gwaji, suka fito likitoci da injiniyoyi.

Saboda haka ranar biyan kuɗin zango, kada uba ya tsaya ga fenti da rigar makaranta. Ya ce a buɗe masa ɗakin gwaji, ya shafa yatsa a kan kwalaben, ya ga ko da ƙura.