Matan coci sun ɗora wa 'yan gudun hijira tukunya, mu ina namu icen?



Duk wanda ya zauna a Kafanchan ya san yadda safiyar da ta biyo bayan hari take. Tun kafin rediyo ya faɗa, tun kafin a sa dokar hana fita, za ka fara ganin mata da goyo da ƙullin kaya a ka suna shigowa ta hanyar Kagoro ko ta Gidan Waya, yara na biye da su ba takalmi. Wasu su nufi makarantar firamare, wasu harabar coci, wasu gidan wani ɗan'uwa da suka yi shekara ba su gani ba. A irin wannan safiya, mutanen da na fi gani suna fara ɗora tukunya su ne matan Zumunta na coci-coci. Wannan ta kawo mudun masara, waccan kwalbar manja, wata ta kwashe tsofaffin zannuwanta. Kafin motar hukuma ta iso da buhuna da masu ɗaukar hoto, su sun ciyar da mutane kwana biyu ko uku.

Na san akwai waɗanda maganar nan ba za ta yi musu daɗi ba a wannan zaure namu. Zan faɗe ta duk da haka, don na gaji da jin ana cewa agajin coci tarko ne kawai, alhali mai faɗin haka bai taɓa kai ko kwanon tuwo ɗaya sansanin kowa ba.

Bari mu tuna inda aka fito. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Horas da Malamai ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 1992 aka yi na Zangon Kataf kan batun ɗauke kasuwa. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 a jihohin Arewa 12, wasu fiye da 65,000 suka rasa matsuguni, ta kuma ce mafi yawan waɗanda suka mutu a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan Musulmi ne. Kasuwar Kafanchan ta ƙone. Mutanenmu da suka tsira sun shafe shekaru a sansanin alhazai na Mando a Kaduna, makiyaya da yawa kuma suka tattara suka koma Ladduga a ƙasar Kachiya. Daga 2016 zuwa yanzu kuma ƙauyukan Kiristoci ne suka fi shan wuya: Godogodo da Goska a 2016, Kukum Daji da Zikpak a Yulin 2020, Madamai a Satumban 2021, Kagoro a Maris na 2022. Ba wanda zai koya mana ma'anar gudun hijira. Mun kwana a tabarmar aro, makwabtanmu ma sun kwana.

A ƙarshen 2016 Darikar Katolika ta Kafanchan, a zamanin marigayi Bishop Joseph Bagobiri, ta ce an kashe mutum 808 a ƙauyuka 53. Hukumar NEMA ta ce 204 ne. Ban kawo wannan don in raba gardama ba. Abin lura shi ne, inda aka kasa daidaitawa kan adadin gawa, wa zai ƙirga masu rai da suka watsu a gidajen mutane? A Kudancin Kaduna ba mu da manyan sansanoni irin na Maiduguri masu tantuna da ƙungiyoyin ƙasashen waje. Akwai ƙanana, irin sansanin Mercy da mutanen coci suka riƙe a Zonkwa a 2020, amma galibin masu gudu a ɗakunan dangi suke ƙarewa. Gidan mutum shida ya wayi gari da mutum ashirin. Hatsin da aka ajiye ya kai kaka ya ƙare a tsakiyar damina. Mai masaukin nan ba ya cikin jerin sunayen kowa, don shi ba a ƙona masa gida ba, amma yunwar tare suke ji.

A nan ne coci ta fi kowa amfani, kuma dalilin ba wani asiri ba ne. Tsari ne. Kusan kowane ƙauye yana da ikilisiya, ko ta ECWA, ko Katolika, ko Anglika, ko Baptis. Kowace tana da fasto ko katikis da ya san gida-gida, tana da zumuntar mata da ta matasa, tana da littafin sunaye, kuma tana tara baiko duk Lahadi. Idan ƙauye ya watse, faston ya san wace gwauruwa ce ta nufi Zonkwa, wane tsoho ne aka bari a Manchok, yara nawa ne ba a ga iyayensu ba. Wayarsa ɗaya ta fi takardar da za a cike a ofis. Matan Zumunta kuma sun saba girkin taro tun na biki da na jana'iza, don haka ciyar da mutum ɗari biyu ba sabon abu ba ne a wurinsu. Ba albashi ake biyansu ba. Da yawansu ma manoman citta ne da cutar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 ta bar su da bashi, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai. Daga cikin wannan rashi suke cirowa.

Aikin kuma ba shi da lafiya. An sace Fada John Mark Cheitnum a Yulin 2022 aka kashe shi. A Satumban 2023 aka cinna wa gidan limaman Katolika na Fadan Kamantan wuta, ɗalibin limanci Na'aman Danlami ya ƙone a ciki. Masu ɗaukar buhu a bayan babur su kai ƙauye sun san wannan sarai, kuma suna zuwa.

To sai batun zargi. Shin akwai masu haɗa agaji da wa'azi? Akwai. Akwai wanda sai an zauna an saurari hudubarsa ta awa guda kafin ya kwance bakin buhu, kuma wannan ba daidai ba ne ko a kan mabiyansa, balle a kan wanda ba addininsu ɗaya ba. Mai jin yunwa ba shi da bakin cewa a'a, don haka duk abin da ka karɓa daga hannunsa a wannan hali ba da yardarsa ka karɓa ba. Na kuma ga rabon da aka yi ta ɗarika, 'yan wannan coci su samu sau biyu, na waccan su tashi hannu rabbana, don kawai wanda ya turo kuɗin daga Abuja ko Amurka ɗan ɗarikar farko ne. Ga kuma cutar hoto, wadda ta kama mu duka. A jera zawarawa a rana, kowace ta rungumi kwalin taliya, a ɗauka a watsa a Facebook. Matar da jiya take da rumbu biyu, yau duniya na kallonta da taliyar da ba za ta kai Juma'a ba. Ina roƙon shugabannin coci su hana wannan, kamar yadda nake roƙon namu.

Amma in muna da gaskiya, mu ma mu duba gidanmu. Zakkarmu da sadakarmu, sau nawa suka tsallaka titi? A Kafanchan ta yau kowa ya san unguwar da zai kwana da wadda ba zai kwana ba, kuma agaji ya bi wannan layin sak. Musulmi ya gudu, masallaci da 'yan agajin Jama'atu ko na Izala su karɓe shi. Kirista ya gudu, coci ta karɓe shi. Kowa ya ji kukan nasa kaɗai, har ya ɗauka ɗayan ɓangaren ba ya kuka. Yaron da ya tashi a sansani yana ganin mutanen addininsa kawai ke kawo masa abinci, me kake zaton zai ɗauki sauran? Shi ne saurayin da za a ba wa adda nan da shekara goma.

Ba abin da ba a taɓa yi ba ne. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na Barkin Ladi a Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. A Kaduna, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda a da kowannensu ke jagorantar matasan da ke faɗa da na ɗayan, sun shafe shekaru suna aikin sulhu tare. A nan gida ma, a watan Maris na 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Kachiya da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Takardar tana nan. Watanni kaɗan bayanta aka yi Godogodo. Ni a ganina abin da ya rage wa irin waɗannan takardu shi ne aikin hannu da za a riƙa yi tare duk mako, wanda zai sa in an ce wane, ka ce ai na san shi, tare muka ɗauki buhu.

Abin da nake ba ƙungiyarmu shawara ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar taro a otal. Mu je wurin shugabannin CAN da na Jama'atu Nasril Islam na Jama'a, mu nemi a riƙa haɗa jerin sunaye guda ɗaya duk lokacin da aka samu masu gudu, a rubuta har da gidajen da suka saukar da su, ba tare da gurbin addini a takardar ba. Su suna da littafin sunaye da matan girki. Mu muna da 'yan kasuwar hatsi da za su iya bayarwa a farashin sari, muna da direbobi, muna da mahauta. Buhun masara da ya fito daga hannun Alhaji ya shiga tukunyar matan Zumunta, ko bargon da ya fito daga baikon Lahadi ya rufe 'yar Fulani, ya fi huduba goma a kan zaman lafiya.

Sannan a gyara lokacin bayarwa. Mun fi son bayarwa da azumi, su kuma da Kirsimeti, amma ɗan gudun hijirar Kudancin Kaduna manomi ne, kuma ranar da ta fi masa muhimmanci ita ce ta saukar ruwan farko wajen Afrilu. Wanda aka ƙona wa rumbu an ƙona masa iri. In ba a ba shi irin masara da na gyaɗa da acca da ɗan taki a kan kari ba, to an mayar da shi mai jiran sadaka na wata shekara cur. Shinkafar da za a kawo masa a Disamba ba za ta maye wannan ba. Haka batun yara: kuɗin jarrabawa, kayan makaranta, da takardun haihuwa da na shaida da suka ƙone da gida. Yarinyar da ta rasa zangon karatu biyu a gidan gwaggonta, da wuya ta koma aji, aure ko aikatau a Kaduna ke jiranta. Malaman da suka yi ritaya a cikinmu, Musulmi da Kirista, za su iya ba da yamma biyu a mako.

Kada kuma wannan ya zama hutu ga gwamnati. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka kan kare 'yan gudun hijira na cikin gida tun 2012, don haka ciyar da su da mayar da su gida lafiya haƙƙi ne a wuyanta, ba alfarma ba. Matan Zumunta za su iya dafa tuwo, ba za su iya tsare hanyar gona ba. Mu da su mu je ofishin SEMA da na ƙaramar hukuma da takarda ɗaya, mu tambayi abin da aka ware da inda ya shiga. Ana saurin raina wakilin ɓangare ɗaya, a ce siyasa ce ko ƙabilanci. Liman da fasto a kujera ɗaya da lissafi ɗaya, da wuya a sallame su da shayi.

A taronmu na gaba zan kawo wannan magana a rubuce. Ina neman mutum biyar da za su raka ni mu fara gaida shugabar Zumuntar Mata ta cocin da ke kusa da mu, mu tambaye ta gidaje nawa ne a littafinta suke riƙe da baƙi har yanzu, da abin da ya fi ƙare musu. Ni na ɗauki buhun masara ɗaya da kuɗin niƙa. Wanda zai iya mudu biyar ya rubuta sunansa a ƙasa, wanda ke da mota ya faɗa mana ranar da ba ya lodi.